Ɗingishin 'ya'yan tumaki a ƙasa mai yawan ruwa: yadda ake gane kowane iri da abin da ake yi masa

Tumakin da muka fi kiwo, wato Uda da Balami da 'Yanƙasa, asalinsu dabbobin ƙasa mai rairayi ne. A can Arewa ko an yi ruwa da safe, kafin azahar ƙasa ta tsotse, kofato ya bushe, yashi kuma kullum yana goge shi. Mu a Kafanchan ba haka abin yake ba. Ruwa kan sauka tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba, ga ƙasarmu ja mai danƙo, in marka ta kankama a Agusta turke kan yi sati bai bushe ba. 'Yan'uwanmu da ke zaune a Sabon Ibadan, Agege, Lokpanta ko Fatakwal kuwa nasu ya fi namu. Shi ya sa kusan duk mai tumaki a irin waɗannan wurare ya san ɗingishi, kuma ƙananan ne suka fi shan wahalarsa, don fatarsu da kofatonsu ba su yi ƙwari ba.

Abin ba sabo ba ne. A farkon shekarun 1980 masu bincike na cibiyar ILCA sun yi aiki a Abet da ke wajen Zonkwa da kuma Kurmin Biri ta wajen Kachia, suna bin dabbobin Fulani da na manoma. Cikin manyan matsalolin da suka ambata a tumakin Fulanin yankin har da ciwon hanta da ɗingishin damina. Shekara arba'in ke nan da ɗoriya, kuma har yau in ka zaga rugage a watan Yuli abin da za ka gani ke nan.

Ɗan tunkiyar da ke ɗingishi ba ya iya bin uwarsa, ba ya samun nono yadda ya kamata, manya suna ture shi a wajen cin dusa. Ko ya warke daga baya sai ka ga sa'o'insa sun bar shi, ya tsumbure. In kuma ƙafar ta lalace gaba ɗaya, an yi asarar kasuwar da ta fi kowace tsoka, domin sananne ne a fiƙihu cewa dabbar da gurguntarta ta bayyana ba ta yin layya. Ga shi kuma Babbar Sallah yanzu cikin ruwa take faɗowa: 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025. Wato ragunan da ake turkewa don ita, watanninsu na ƙarshe a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa suke yi.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, ɗingishi ba ciwo ɗaya ba ne, alama ce ta ciwuka da yawa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. Amma al'adarmu, da an ga ɗan tunkiya yana ɗaga ƙafa sai a aika yaro kemis ya sayo allura, a soka masa a cinya, a jira. Ba a kama shi an duba ba. Mahaifina, wanda shanu ne sana'arsa amma gidanmu ba ya rabuwa da tumaki, ba ya yarda a sayo komai sai an amsa masa tambaya biyu: kwanansa nawa a duniya, kuma a ina ciwon yake, a gaɓa ne ko a kofato? Waɗannan biyun sun raba fiye da rabin matsalar.

Yadda ake dubawa

A zaunar da shi a kan gindinsa, bayansa ya jingina da ƙafafunka, kamar yadda ake yi in za a yi masa aski. A haka ba ya harbi. A wanke ƙafar da ruwa mai tsabta, don cikin taɓo ba abin da za ka gani. Ka fara daga sama: shafa kafaɗa ko cinya, ka sauko gwiwa, ka matsa kowace gaɓa ka ji ko da zafi ko kumburi, ka gwada da ɗaya ƙafar. Sannan ka buɗe tsagar kofaton da yatsu ka leƙa ciki sosai. Ka sunsuna, kada ka ji ƙyama, hanci yana gane abin da ido bai gani ba. Ka danna ƙasan kofaton da babban yatsa ka ga inda zai zabura. Daga ƙarshe ka duba cibiya da baki. Ƙafa huɗun duka ake dubawa ko da ɗaya ce yake ɗagawa. In kana da ma'aunin zafin jiki, na tunkiya mai lafiya yana wajen 39, in ya haura 40 akwai zazzaɓi.

Jariri mai kumburin gaɓa

In ɗan tunkiyar bai kai wata ɗaya ba, musamman tsakanin kwana 5 zuwa sati uku, ya daina tsalle-tsalle, yana yawan kwanciya, in ya tashi yana takawa a sanƙare, to da wuya ciwon ya zama na kofato. Ka taɓa gwiwarsa ko gaɓar ƙafar baya, za ka ji ta kumbura da zafi, sau da yawa ma gaɓa biyu ko uku. Wannan ciwon ta cibiya yake shiga. An haife shi a kan kashi da fitsari, cibiya tana ɗanya, ƙwayoyin cuta suka bi ta cikinta suka shiga jini, suka je suka zauna a gaɓoɓi suna tara mugunya. Wani lokaci cibiyar ma takan kumbura, wani lokaci kuma ba za ka ga komai a jikinta ba, ta bushe lafiya lau alhali ɓarnar ta riga ta wuce ciki.

Mutane da yawa suna ɗauka uwar ce ta taka shi, ko kuma a ce iska ce. Sai a ɗaure gwiwar da tsumma a bari. Wannan jiran shi ke kashe ƙafar. In aka fara magani a ranar farko ko ta biyu, yawanci yana tashi. In aka bari ya yi sati, mugunya ta ci cikin gaɓar, to ko ya rayu ƙafar ta sanƙare ke nan. Maganin da likitocin dabbobi suka fi amfani da shi allurar penisilin ce, kullum, na tsawon sati zuwa kwana goma, tare da maganin rage zafi na dabbobi. Inda ake kuskure shi ne, kwana biyu da fara allura sai a ga ya miƙe yana shan nono, a ce ya warke, a daina. Bayan sati ciwon ya dawo, kuma na biyun ya fi na farko wuyar magani. Kada kuma a sa reza a tsaga gaɓar wai don mugunya ta fita, ƙofa ce ka buɗe wa wata cutar.

Rigakafinsa bai kai kuɗin kwanon dusa ba. Abu na farko aidin, irin mai ƙarfin nan baƙi. Da an haife shi, a zuba a murfin kwalba a tsoma cibiyar gaba ɗaya har gindinta, a sake bayan 'yan awoyi in uwar ta lashe. Abu na biyu dakashi, nonon farko mai kaurin nan. Ɗan tunkiya ba ya zuwa duniya da kariyar jiki, a dakashi yake samunta, kuma hanjinsa yana iya ɗaukarta sosai ne a awoyin farko kaɗai. Ƙa'idar da ake bi ita ce mililita 50 ga kowane kilo na nauyinsa a shan farko, wato mai kilo 3 yana bukatar mililita 150. In 'yan biyu ne, ko uwar ramammiya ce, ko haihuwar fari ce tana gudunsa, a kama ta a sa masa nonon a baki, ko a tatsa a ba shi da sirinji a hankali. Abu na uku, tunkiyar da cikinta ya tsufa a ware mata wuri busasshe, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa. Ba sai an gina ɗaki ba, kusurwar rumfa ma ta isa in dai ruwa ba ya kwanciya.

Akwai kuma waɗanda ake haifa da ƙafar gaba a lanƙwashe, suna takawa da bayan kofato. In ba kumburi ba zafi, kuma ƙafar tana miƙewa in ka miƙar da hannu, yawanci jijiya ce ta ɗaure, takan saki cikin 'yan kwanaki. A riƙa miƙar masa da ita safe da yamma, a tabbata yana samun nono.

Tsakanin kofato

Daga wata biyu zuwa sama, in damina ce, ka fara zargin tsagar kofato kafin komai. Nan ne mafi yawan ɗingishin ƙasarmu yake.

Abu mafi sauƙi shi ne taɓo. Jar ƙasarmu takan cushe tsakanin kofato, ta haɗu da ciyawa ta bushe ta zama kamar dutse, tana gurzar fata duk takun da ya yi. Ko ƙaya, ko tsakuwa, ko guntun waya da kwalba ga waɗanda ke kiwo a cikin gari. Ka cire, ka wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, ka fesa magani, shi ke nan. Na sha ganin ɗan ragon da aka ce sai allura, aka ciro masa dunƙulen laka ya tashi a guje.

Sai kaska. Akwai wata babba mai zane-zane masu launi a bayanta, mai dogon baki, wadda ke yawaita a farkon damina. Ita ce ke shiga tsagar kofato ta kafe. Masu bincike a cibiyar CIRDES da ke Bobo-Dioulasso a Burkina Faso sun lura cewa a jikin shanu irin wannan kaska tsakanin kofato take fara kamawa a wajen kiwo, sai dabbar ta kwanta sannan ta hau zuwa ƙirji da hantsa. A kan haka suka fito da dabarar ratsa da shanu ta cikin kwamin ruwan maganin kaska da yamma in sun dawo daga kiwo. Ga ƙaramin ɗan tunkiya, kaska ɗaya a wannan wurin ta isa ta hana shi taka ƙafar, kuma ramin da bakinta ya bari shi ke zama gyambo, ƙuda ya bi ya sa tsutsa. In za ka cire ta, kama ta dab da fata ka ja a hankali, kada ka fizge kan ya tsinke a ciki. Wanda ke da tumaki goma ko sha biyar, duba ƙafafunsu da hannu sau biyu a sati a watannin Mayu da Yuni ya fi masa duk wani magani. Kuma don Allah a daina ɗiga musu fiya-fiya ko maganin feshin gona. Fatar ƙaramar dabba tana tsotse shi, sai ka ga yana dalalar da miyau yana karkarwa.

Sai saɓewar fata. Wannan shi ne wanda ya fi kama 'ya'yan tumaki. Kullum ƙafa a jiƙe, fatar tsagar ta yi laushi, ƙwayoyin cuta suka samu hanya. In ka buɗe za ka ga wurin ya yi ja ko fari-fari, gashin ya zube, yana ɗan tsatsafo da ruwa, amma kofaton kansa lafiya lau, kuma ba wani wari sosai. Abin mamaki, ciwon ƙarami ne a ido amma zafinsa ba kaɗan ba, har za ka ga suna kiwo a durƙushe a kan gwiwa. Yana jin magani da wuri. A wanke, a tsane da tsumma, a fesa maganin feshin nan mai shuɗi ko shunayya na oksitetarasaikilin, sannan a tsayar da shi a kan siminti ko busasshiyar ƙasa na kamar rabin awa. Wannan tsayuwar ita ce ake rainawa. Ka fesa magani ka sake shi cikin caɓi, kuɗinka ka zubar.

In aka ƙyale saɓewar, ita ce ke zama ruɓewar kofato. A nan hanci ne zai gaya maka, wari ne da in ka ji sau ɗaya ba ka mantawa. Ƙahon kofaton yana rabuwa da naman da ke ƙarƙashinsa, yana farawa daga dunduniya ta ciki ya bi ƙasan kofaton, da wani ruɓaɓɓen abu mai ruwan toka a tsakani. In ya yi nisa kofaton kan kwaɓe kamar takalmi. Ƙwayar da ke kawo shi, wani masani mai suna Beveridge ne ya tantance ta a Ostareliya a 1941, kuma abin da aka sani game da ita yana da amfani ga mai kiwo: a jikin kofato take rayuwa, in ta faɗi ƙasa ba ta daɗewa, galibi cikin sati biyu ta mutu. Wato ba ƙasar ce ke haifar da ita ba, wata dabba ce ke kawo ta garke, danshi da ɗumi kuma su yaɗa ta. Tunkiya ɗaya mai tsohon ciwo tana iya ajiye ta a kofatonta duk rani, ruwa na sauka ta raba wa 'ya'yan kowa.

Nan ne allura take da wuri. Ana yin oksitetarasaikilin mai daɗewa a jiki, wadda 'yan kasuwa ke ce wa LA, mililita 1 ga kowane kilo 10 in mai kashi 20 cikin ɗari ce, a haɗa da feshi a ƙafafun huɗu, a ware mai ciwon daga sauran. Kada a wuce kwana uku da ganin ɗingishin ba a yi ba. A auna nauyinsa da sikeli, ko na masu awon citta ne, don kintace da ido shi ke sa a ba da rabin magani.

Maganar yankan kofato kuwa, a nan ni da dattawa da yawa ba mu jitu ba, kuma ina faɗa da girmamawa. Abin da aka saba shi ne a sa wuƙa a fere ruɓaɓɓen kofato har sai jini ya fito, wai don iska ta shiga. Turawa ma haka suka yi shekara da shekaru. Amma gwajin da masu bincike na Jami'ar Warwick ta Ingila suka buga a 2010 ya nuna tumakin da aka yi wa allura ba a fere su ba sun fi saurin warkewa a kan waɗanda aka fere. Dalilin a fili yake: ka ƙara masa rauni a kan rauni, in ka taɓa nama kuma wani jan tsiro kan fito wanda ba ya warkewa, ga wuƙar tana ɗaukar cutar daga wannan ƙafa zuwa waccan. Kofaton mai ɗingishi yana yin tsawo ne don ba ya taka shi, in ya warke zai goge da kansa. Yanka yana da amfani ga ragon da aka turke wata da watanni a kan ƙasa mai laushi har kofatonsa ya naɗe, shi ma gefen da ya yi yawa kawai ake ragewa, ba a kai ga jini.

In garken yana da yawa kuma saɓewa ta kama da dama, wankan ƙafa ya fi bi ɗaya-ɗaya. Ana narka zink salfet kilo 1 a ruwa lita 10, a zuba a rabin duro ko baho, zurfin da zai rufe kofato, a tsayar da su a ciki na 'yan mintuna, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin ledar. Wasu suna amfani da fomalin, mililita 300 a lita 10, shi ratsawa kawai ake yi. Ni dai ba na son sa ga ƙanana, yana da zafi ƙwarai a kan ɗanyen ciwo kuma tururinsa yana cutar da mai aikin. Kowanne ka yi, a wanke taɓo tukuna, kuma kada a ajiye ruwan a sake amfani da shi gobe. Tsohon ruwan wanka da kashi ya gauraya da shi yana kawo nasa ɗingishin.

Baƙin mai, kananzir, ruwan batir, Izal da ba a sirka ba, duk na ga an zuba a kofato. Wani mai sayar da magani ya taɓa haɗa wa maƙwabcinmu allura kala uku a sirinji ɗaya don ɗan ragon da ƙaya ce kawai a ƙafarsa, ko tambayar ina ne ciwon bai yi ba. Baƙin mai yana rufe ciwo ne ya hana iska, ita kuwa ƙwayar ruɓewa inda babu iska ta fi so.

Abin da abinci ke jawowa

Wannan ya fi shafar masu turka a cikin gari. An sayo ɗan rago da ya saba da ciyawa, ana so ya yi ƙiba kafin Sallah, rana ɗaya aka cika masa roba da masara, dusa da ragowar tuwo. Tumbinsa ya yi tsami, ya yi zawo, bayan kwana ɗaya ko biyu sai ka ga yana takawa kamar a kan garwashi. Ka taɓa kofatan, huɗun duka ko na gaba biyun sun yi zafi, amma ba rauni ba wari. A janye hatsin nan take, a bar shi da harawa da ciyawa da ruwa, a nemi likita ya yi masa maganin rage zafi. In ya wuce ba a kula ba, kofaton kan fito da layi-layi ya karkace har abada. Hatsi kaɗan-kaɗan ake ƙarawa, a ɗauki sati biyu zuwa uku kafin a kai ma'aunin da ake so.

Na biyu, lanƙwashewar ƙashi. Ɗan tunkiyar da ya tashi a ɗaki mai duhu a bayan shago, ba rana, abincinsa dusa zalla, sai ka ga ƙafafun gaba sun yi gwame ko sun buɗe kamar baka, gaɓoɓin sun yi kauri amma ba zafi irin na mugunya. Dusa tana da sinadarin fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, ƙashi kuwa sai da biyun a daidai, da hasken rana. Harawar wake da ta gyaɗa suna cike giɓin, haka ma dutsen lasa na tumaki. Na ce na tumaki fa. Kada a ba su na shanu ko abincin kaji, don ana sa musu sinadarin tagulla da yawa, hantar tunkiya kuwa tara shi take yi har ya kashe ta. Kanwa da muke jiƙa musu tana da nata amfanin, amma ba ta maye wannan.

In da yawa suka kama lokaci guda

Ka wayi gari rabin garke suna ɗingishi, da zazzaɓi, shanun unguwa kuma suna dalalar da miyau, to ka yi zargin ciwon baki da kofato, wanda Fulani ke ce wa boru. A jikin manyan tumaki yakan zo da sauƙi, 'yan ƙuraje a saman kofato da dasashi, har ba a lura. Amma jarirai yana kama musu zuciya, su faɗi su mutu ba tare da sun yi ɗingishin ba ma. Allurar kashe ƙwayoyin cuta ba ta kashe shi, sai dai ta hana gyambon ruɓewa. A tsare dabbobin a gida, kada a kai kasuwa ko mashaya, a sanar da asibitin dabbobi na gwamnati mafi kusa. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom, wadda take can tun 1924 kuma ba ta da nisa da mu, tana yin allurar rigakafinsa.

In kuwa ƙafafun huɗu ne suka sanƙare kamar sanda, wuya ya miƙe, haƙora sun datse, ƙaramin motsi ya sa ya zabura, musamman sati ɗaya zuwa uku bayan dandaƙa ko wani rauni, wannan tetanus ne. Kaɗan ne ke tashi. Wuƙa mai tsabta da aidin su ne kariyarsa.

Akwai kuma ɓawon ƙuraje da ke fitowa daga saman kofato zuwa ƙwauri, in ka ɓamɓare sai jan nama mai jini. Dangin kirci ne, wani lokaci tare da ƙurajen baki. Masu ƙurajen baki a kama su da safar hannu ko leda, suna kama mutum a yatsa.

Karaya, igiya da allura

Saniya ta taka, babur ya buge, ko ƙafa ta faɗa tsakanin katakon mota. In karayar a ƙasa da gwiwa take kuma ƙashi bai huda fata ba, ƙashin ƙaramar dabba yana haɗewa da wuri, sati uku zuwa huɗu. Masu ɗorinmu sun iya wannan. Abin kula kawai a sa auduga ko tsumma mai kauri kafin karan, ɗaurin ya kama gaɓar sama da ta ƙasa, a riƙa taɓa kofaton kullum. In ya yi sanyi ko ya kumbura, ɗaurin ya matse, a sassauta. Karayar cinya ko wadda ƙashi ya fito waje sai likita, in kuma ya tasa a yanka ya fi a bar shi yana wahala.

Igiyar leda da ake ɗaure su da ita a ƙafa lokacin da amfanin gona ke tsaye tana yanka fata, in ta jiƙe ta ƙara matsewa. A ɗaura a wuya da ƙulli wanda ba ya zargewa, ko a naɗa tsumma a riƙa sauya ƙafa.

Ita ma allurar kanta tana gurguntawa. Akwai babbar jijiya da ta bi ta bayan cinya, kuma cinyar ɗan tunkiya ba ta da nama. In allura ta same ta, ko magani mai zafi irin LA ya taru kusa da ita, sai ka ga yana jan ƙafar, kofaton ya naɗe baya yana gurzar ƙasa. Wasu suna dawowa bayan makonni, wasu ba sa dawowa. A naman wuya ake yi, gaban kafaɗa, da ƙaramar allura sabuwa.

Turke da sabon saye

Duk abin da na lissafa na kofato, busasshen makwanci yana rage shi. A ɗaga ƙasan turke da tsakuwa ko marmara ya fi tsakar gida tudu, a yi masa gangare, a haƙa lambatu ta baya. A share kashi kullum. Wurin da ya fi caɓewa shi ne gindin kwamin ruwa da na dusa, a riƙa matsar da su, a barbaɗa farar ƙasa ko toka. A Kurmi inda ruwa ba ya barin ƙasa ta sha iska, dakalin katako ko na gora mai 'yar tazara, wanda kashi da fitsari ke zuba ƙasa, ya fi komai, in dai tazarar ba ta isa ƙafar jariri ta faɗa ba. Da safe a bari raɓa ta ɗan kaɗe kafin a sake su, kuma a nisanta ƙanana da fadama, can ne ciwon hanta ma yake. Turken da aka yi ruɓewar kofato a cikinsa, in da hali a kwashe su a bar shi sati biyu ba dabba. Tunkiyar da aka yi wa magani sau biyu ko uku ciwon yana dawowa, a sayar wa mahauta, ko da kyakkyawa ce, don ita ce rumbun cutar.

Wajen saye, ko a Mariri ne ko a karar garinku, kada kunyar dillali ta hana ka ɗaga ƙafa huɗun ka sunsuna. Ka sa a ja shi ya yi tafiya a kan ƙasa mai tauri. Wanda aka sauke daga tirela bayan kwana biyu a tsaye cikin fitsari zai iya takawa a gajiye ba don ciwo ba, wannan hutun kwana biyu yana warware shi, amma wari ba ya ƙarya. In ka kawo gida a ware shi sati uku zuwa huɗu, kwamin ruwansa daban, a sake duba ƙafafun kafin a haɗa shi da masu 'ya'ya.

Ka kuma tambayi mai shi ko an yi masa allura kwanan nan. Kowace kwalbar LA ko penisilin an rubuta a jikinta kwanakin da za a jira kafin a ci naman, na LA yakan kai sati uku zuwa huɗu ko fiye, ya danganta da kamfani. Ragon da ya fara ɗingishi ana saura kwana goma Sallah ko suna, in aka yi masa LA ranar yanka za ta zo maganin bai fita daga jikinsa ba. Irin wannan a nuna wa likita ya zaɓi maganin da kwanakinsa suka fi gajarta, in kuma babu, a yi masa maganin da ya dace a ɗaga shi zuwa wata hidimar, a nemi wani ragon.